Fatar washin wuƙa da baduku ya haɗa mini a wajen Kasuwar Barci a Kaduna, bayan wata tara ina aiki da ita

Wata tara kenan da na karɓo wannan fatar washin daga hannun badukun da ya haɗa mini ita, ta ga tsakiyar damina, ta ga hunturu da ƙurarsa, ta sha zafin bazara, yanzu ga shi ruwa ya fara sauka kuma, toh inaga lokaci yayi da zan faɗi abinda na gani game da ita tsakani da Allah, mai daɗin da mara daɗin. Ni dai aikin ofis nake yi, amma Asabar da Lahadi da kuma bayan la'asar in na dawo da wuri ina zama a zaure ina sassaƙa cokulan katako, koshiya, muciya, wani lokacin ƙananan akushi na ado, matan unguwa su saya, masu haɗa wa amare kayan kicin suma sukan bada oda. A wajen kawuna na koya tun ina yaro in munje hutu ƙauye, shi da gatari da gizago yake aikinsa, turmi da taɓarya da kujerar mata, ni kuma hannuna ya fi faɗawa kan aikin ƙaramar wuƙa.

Wuƙaƙena huɗu ne. Biyu wani maƙeri ne a Tsohuwar Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, ya ƙera mini daga sifirin mota, ƙarfe ne mai kyau wallahi in aka iya ba shi ruwa, ɗaya mai lanƙwasa ce ta rarake cikin cokali ita ma shi ya yi, sai ta huɗun Morakniv ce mai lamba 106 da wani ɗan uwana ya taho mini da ita daga waje, ƴar garin Mora ce a ƙasar Suwidin, tsawon bakinta kusan santimita 8 kuma siririya ce mai tsini. Dukkansu da dutse nake wasa su a da, irin mawashin nan mai fuska biyu da ake sayarwa a kasuwa, gefe ɗaya kaushi gefe ɗaya ɗan laushi. Matsalar da na daɗe ina fama da ita itace kafin in gama cokali ɗaya na maɗaci sai naji wuƙa ta fara ja, sai in koma kan dutse, a wuni sai in koma sau biyar sau shida, kuma duk komawa ƙarfe kake ci, ɗaya daga cikin na Pantekan har ta fara ramewa ana gani. Sannan ko na wasa ɗin in na yanka katako sai inga wasu fararen layuka sirara a kan wurin da na yanke, wanda dole sai na bi da samfefa kafin ya yi sumul, ni kuma na fi son cokalin da wuƙa ce ta gama shi, ya fi sheƙi kuma in an wanke shi baya tada gashi kamar wanda aka goga.

Wani tsohon wanzami ne da yake zuwa yi wa mahaifinmu aski ya sa na fara tunanin fata. Shekara da shekaru ina ganinsa yana ciro wata tsohuwar fata daga zabira ya ja askarsa a kai kafin ya ɗora a kan mutum, wani lokacin ma a tafin hannunsa yake ƙarasawa, amma ban taɓa haɗa abin da nawa aikin ba sai ranar da ya tarar dani ina ta gurza wuƙa a dutse, ya tsaya ya kalle ni yace "ɗan nan, dutse ai yana fito da baki ne, fata ce ke gyara shi, ka samu fata ka huta." Washegari na fara nema.

Badukun yana zama ne a wani lungu kusa da Kasuwar Barci a Tudun Wada, ɗan shago ne ƙarami, kube yake yi da takalma da jakunkuna da gidan laya da gyaran bel. Da nayi masa bayani bai sha wahalar ganewa ba ko kaɗan, yace wanzamai sun saba zuwa yana yanka musu, sai dai su zallar fata suke karɓa, ni kuma so nake a manna ta a kan katako. Abinda ya fara burge ni da shi shine bai miƙo mini duk abinda hannunsa ya kai ba. Ya jawo guntaye uku ya shimfiɗa a kan cinyarsa yace "yallaɓai taɓa kaji." Ta farko irin ta kujeru da jakar mata ce, laushi luɓus, ya yanke gefenta ya nuna mini cikin, launinsa shuɗi-shuɗi toka-toka, yace wannan jimar kamfani ce da sinadari, in ka danna ta da farce sai ta lotsa, ba zata yi maka ba. Ta biyu jar fatar akuya ce mai kyau amma siririya. Ta uku fatar saniya ce jimar bagaruwa, launin ƙasa-ƙasa, tauri gareta kamar kwali, in ka lanƙwasa ta har wata ƴar ƙara take yi, yace daga Kano yake saro ta a Ƙofar Wambai kuma da ita yake yin ƙasan takalmi. Ita muka ɗauka. Daga baya na gane gaskiyarsa, domin fata mai laushi in ka ɗora wuƙa sai ta nutse ta naɗo bakin ta dakusar da shi, wacce ake so itace mai tauri da bata lotsawa.

Yadda muka tsara: katako mai tsawon inci 14 har da mariƙi, faɗi inci 2 da rabi, fata a fuska biyu, kaurinta kamar milimita 3, fuska ɗaya a juyo bayan fatar mai ɗan gashi-gashi waje don ta riƙe sabulun folish da ake gogawa a kanta don ya riƙa cin ƙarfen a hankali, ɗaya fuskar kuma a bar santsin waje don gamawa. Ya ce naira 6,000, muka daidaita a 4,500, ya ƙara mini da guntun jar fatar akuyar nan kyauta da nace ina so in naɗa a sanda saboda wuƙar mai lanƙwasa. Ni a ganina kuɗin bai yi yawa ba ko kaɗan in ka duba cewa har da katakon da gam da aikin hannunsa.

Toh bari in faɗi inda raina ya ɓaci tun kafin in shiga yabo. Kwana uku yace in dawo, sai da nayi sawu uku a kwana tara, kuma duk wanda ya san cunkoson wajen da yamma ya san ba ƙaramin abu bane ka baro aiki ka shiga can ka dawo hannu rabbana. Na biyu, da ya gama sai ya shafa wa fuskar mai santsin mai don tayi ƙyalli ta burge ni, ban ce ya yi ba, kuma man yayi yawa, sati biyu ina gogewa da tsumma kafin ta daina maiƙo a jikin wuƙa. Na uku bai huda mariƙin ba, ni na huda da kaina na sa igiya. Na huɗu kuma shine babba, da hunturu ya kankama wajen ƙarshen Disamba sai ƙarshen fatar ya ɗago daga jikin katakon kamar faɗin yatsa biyu, gam ɗin bai kai baki ba ashe. Wannan ba ƙaramin aibi bane a fatar washi domin in wuri ɗaya ya ɗago duk jan da kayi a nan sai ya taɓa bakin wuƙar ta inda ba'a so. Amma in faɗi gaskiya da na mayar masa bai yi musu ba, yace "laifina ne yallaɓai, kayi haƙuri", ya ɓare wurin ya kankare tsohon gam ɗin ya shafa sabo a ɓangare biyun ya bari ya sha iska sannan ya haɗa ya bubbuga da guduma, bai karɓi ko sisi ba, tun daga ranar har yau bata sake motsi ba.

Shi baduku baya sayar da sabulun folish, wannan sai ka nema da kanka. A wajen masu kayan walda da masu aikin sitenles na samu, wani koren dunƙule ne kamar sabulun wanki, da shi suke sa ƙarfen baranda yayi ƙyalli a injin goga. Abinda ke cikinsa ana kiransa kuromiyam oksaid an cuɗa shi da kakin da ke riƙe shi, mai kyaun cikinsa ƙwayarsa bata wuce kusan rabin maikiron ba, wato silin gashin mutum ya fi ta kauri sau ɗari ko fiye, shi yasa yake cin ƙarfe a hankali a hankali har ya mayar da shi madubi. Na kasuwa masu araha sukan zo da gauraye mai ɗan kaushi, amma ga wuƙar sassaƙa ya wadatar. Naira 2,000 na sayi nawa kuma a wata tara ko kwatansa ban ci ba. Na kuma gwada Autosol, man goge ƙarfen nan na Jamus mai zuwa a tub kamar man goge baki, shima yana yi sosai, ɗan ɗigo zaka shafa ka bari ya bushe. Wanda zan ce dan Allah kar a kusanta shine man nan da makanikai suke gurza bawul da shi, wani ya bani shawara in sa, da na murza shi a yatsa naji yashi-yashi sai na fasa, wannan zai karce bakin wuƙa ne kuma in ya shiga fata baya fita.

Ranar farko da na gwada ban manta ba. Na fara wasa Morar a dutse, na bi da samfefa mai lamba 1000 da 2000 irin ta masu fentin mota a kan guntun tayil, har naji ɗan siririn ƙarfen nan da yake tasowa a ɗaya gefen bakin, wanda in ka shafo da babban yatsa daga baya zuwa baki kake jin yana kama fata kamar ƙaiƙayi. Shi wannan ƙaiƙayin shine asalin matsalata ta da ashe, dutse yana tura shi daga wannan gefe zuwa wancan amma baya cire shi duka, da ka fara yanka sai ya lanƙwashe ko ya karye ya bar baki da giɓi-giɓi da ido baya gani, sune suke zana fararen layukan nan a katako. Na goga koren sabulun a fuskar mai gashi kamar yadda yaro ke goga kalar zane a takarda, sama-sama, na kwantar da wuƙar na ja. Ja biyar kawai sai ga baƙin layi ya fito a kan koren, wannan baƙin ƙarfe ne da ake ci. Nayi 20 a kowane gefe, na juya fuskar santsin nayi kamar 10. Da na ɗora a kan guntun malaina ta wajen kan itacen inda ya fi gardama, wallahi sai ta shige kamar ana yanka sabulu, ɓawon ya naɗo siriri har kana hango haske ta cikinsa, wurin da na yanke yana sheƙi kamar an shafa mai, babu layi ko ɗaya. Na daɗe ina juya guntun katakon nan a hannuna ina kallo.

Amma bayan kamar sati uku sai abu ya canza, wuƙar tana ƙyalli fiye da da, tana aske gashin hannu ma, amma in na kwantar da ita a katako sai ta zame ta ƙi kamawa sai na ɗaga bayanta sosai. Har na fara zargin fatar. Da wanzamin nan ya zo na nuna masa, yace "ja in gani." Na ja sau biyu yace "tsaya, ka gani? in ka kai ƙarshe kana ɗaga bayanta kamar mai kwasar tuwo, kuma kana dannawa kamar da faɗa." Ya karɓa ya nuna mini, ya kwantar da ita a kan gangaren bakinta daidai, ya ja ta da baya, wato ƙeyar wuƙar ce a gaba kaifin yana biye, hannunsa sakwai-sakwai nauyin wuƙar ne kawai da ɗan abinda ba'a rasa ba, da ya kai ƙarshe sai ya tsaya cak, ya ɗauke ta sama gaba ɗaya, sannan ya juya ta ta kan ƙeyarta ya dawo. Yace "kai kana so ka gama da wuri ne, ita kuwa aska lallaɓa ta ake." Wannan ɗagawar da nake yi a ƙarshen kowane ja ita ta dinga cinye ƙarshen bakin har ya zama kamar ƙugun kwarya maimakon ya miƙe. Dole na koma kan dutse na sake fito da gangaren daga farko, kusan awa guda, ita Mora gangarenta faɗi ne guda ɗaya tun daga tsakiya har baki, shine ke mata jagora a cikin katako, in ka dunƙule shi ka lalata mata aiki. Tun daga nan ban sake samun wannan matsalar ba, kuma duk wanda zai sayi irin wannan fatar wannan shine abu na farko da zan ce ya kiyaye, ya fi irin sabulun da zai saka muhimmanci nesa ba kusa ba.

Wani abin kuma da ya kamata mutum ya sani kafin ya kashe kuɗinsa, fata bata tada wuƙar da ta mutu. In bakin ya dakushe har kana ganin yana mayar da haske in ka kalle shi a rana, ko ya ci ƙusa ya yi giɓi, ko ka kwana kana ja a fata ba abinda zai faru, sai dutse. Aikinta shine ta riƙe maka kaifin da ka riga ka samu. Yadda nake yi yanzu duk bayan kamar minti 20 zuwa 30 ina sassaƙa, tun kafin inji wuƙa ta fara ja, sai in ɗauko in yi 10 ko 15 a kowane gefe in cigaba, bai kai minti ɗaya ba. In ina aikin malaina ko ɗanyen darbejiya nakan daɗe fiye da haka, in kuwa busasshen maɗaci ne ko kanya sai in riƙa yi akai-akai, kirya kam sai dai haƙuri, tana cin baki kamar me. Ni da nake komawa dutse sau biyar a wuni yanzu sai inyi sati uku zuwa wata ban taɓa shi ba. Wuƙaƙen Pantekan sun fi saurin ɗaukar kaifi a fatar amma sun fi saurin sakewa, Morar tafi jimawa.

Ita mai lanƙwasan bayanta nake ja a kan fatar katakon ina mirgina hannu a hankali don ko'ina ya samu, cikinta kuma guntun sandar mofa na yanke na naɗa jar fatar akuyar nan da gam na goga sabulu, sai in riƙa turawa daga ƙeya zuwa baki. A nan siririyar fatar tayi rana domin ta saniyar ba zata naɗu ba.

Maganar kula da ita kuwa yanayin garin nan ne ya koya mini. A watan Agusta da na karɓo ta na ajiye ta a ƙasan benci a zaure, ana ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, bayan kwana goma da na ɗauko sai naga farar funfuna ta fara fitowa a gefe-gefe. Na goge da busasshen tsumma na ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ban sa ta a rana ba don rana tana ƙandarar da fata kuma tana iya murɗa katakon. Tun daga nan a ƙusa nake rataye ta a cikin ɗaki, wanda kuma ya raba ta da ɓera, don ɓera yana son fata musamman in taji mai. Hunturu kuma nasa daban ne kuma ni a wajena ya fi damina haɗari, saboda ƙurar nan da take sauka a kan komai yashi ce sirara, in ta zauna a kan sabulun ta manne, kai kana ganin kana gyara baki ashe kana karce shi. Na lura da haka ne da na fara ganin wasu ƴan zane-zane a jikin wuƙar da a da take kamar madubi. Sai na sa aka ɗinka mini ƴar jaka da ragowar yadi, da na gama in zura ta ciki, kuma kafin in fara ja nakan share wuƙar da tsumma musamman in daga kan dutse ta fito, domin ƙwayar dutse ɗaya in ta shige cikin fatar ta zauna kenan. Kar kuma a ajiye ta kusa da inda ake goga samfefa.

Sabulun ma ba'a cika shi. Da farko duk zama sai na ƙara, har ya taru yayi kauri yana ɓarewa kamar ɓawon miki, wuƙa tana santsi a kai bata cin komai. Baƙin da take yi ba datti bane da zai sa ka damu, tana aiki a haka, sai in ta koma tana ƙyalli kamar kwalta ta daina kama wuƙa, toh sannan zaka kankare. Ni da bayan tsohuwar reza ta zarto nake yi, in tsayar da ita in ja a hankali baƙin ya zubo kamar gari, in bi da ƙaramin buroshi don gashin fatar ya tashi, sannan in goga sabo kaɗan. Kamar sau ɗaya a wata nake wannan. In sabulun yayi tauri lokacin sanyi ya ƙi kamawa sai ka ɗan sa shi a aljihu ko ka ajiye a rana minti kaɗan ya saki. Ruwa kam ko kusa, ba'a wanke ta.

Mai kuma sau ɗaya tak na sa mata a wata taran nan, cikin Janairu da naga fuskar santsin ta bushe tana neman tsagewa, man kaɗanya ne kamar ƙwayar gero biyu na narkar a tafin hannu na shafa na barta ta kwana na goge. Fuskar sabulun ban taɓa sa mata ba domin kakin da ke cikin sabulun ya isheta. Man gyaɗa da man shanu suna yin ɗoyi in sun daɗe kuma suna kiran kiyashi da ɓera, baƙin mai kuwa lalata fata yake, kuma duk man da yayi yawa laushi zai sa ta, ka dawo kan matsalar da ka gudu tun a shagon baduku. Na yanke ta sau biyu bisa kuskure da tsinin wuƙa lokacin juyawa, ɗaya na manne da ɗigon gam na danne, ɗayan na shafe da samfefa ya kwanta, bata hana aiki ba.

Wani zai ce ai tsohon bel ma zai yi, eh zai yi in fata ce ta gaske mai tauri kuma ka manna ta a katakon da ya miƙe, amma yawancin bel ɗin kasuwa yanzu roba ce aka yi wa fenti ko kuma garin fata da aka matse, ga ɗinki ga huji. Ko bayan kwali ka goga wa sabulun zai fitar da kai rana ɗaya biyu. Ni dai da na gwada su duka na fi samun natsuwa da wannan, faɗinta ya ɗauke bakin wuƙar gaba ɗaya, mariƙin ya zauna a hannu, kuma katakon har yau a miƙe yake na ɗora ruler na duba babu inda haske ya ratsa.

In za'a tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu zance ta biya har da riba, samfefar da na daina saya kaɗai ta mayar mini da kuɗina tuntuni, ga hannuna ya daina ciwo da daddare domin wuƙa mai kaifi bata buƙatar ƙarfi, kuma ta fi aminci, wacce ta dakushe ce kake dannawa ta kuɓuce ta same ka. Badukun zan ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda saɓa alkawari da gam ɗin da ya ɗago. Wanda zai je ya faɗa masa tun farko jimar bagaruwa yake so mai tauri, kar a shafa mai, gam ya kai har baki, a huda mariƙi, kuma ya ɗora wani abu miƙaƙƙe a kan katakon ya duba kafin a manna fatar, in da hali ma ya kai nasa busasshen katakon.

Satin da ya wuce na koma na bada odar ta biyu saboda ɗan yayata da ya fara zama kusa dani yana koyon cokali, tashi ƙarama nace ayi masa, inci 10, fuska ɗaya kawai. Kafin a gama yana ja a tawa ina riƙe da wuyan hannunsa don kar ya saba da ɗagawar nan a ƙarshe, jiya ya fere muciyarsa ta farko daga reshen darbejiya ya kai wa mamansa.